Maganin da ba ya aiki a cikin duhu

Wannan lacca ce da wani likitan fata ya gabatar a taron wayar da kai kan lafiyar zabiya, wanda aka yi albarkacin ranar zabiya ta duniya, 13 ga Yuni. An rubuto ta daga abin da aka naɗa a waya. An rage gaishe-gaishe da maimaici, sauran an bar shi yadda ya fito daga bakinsa.

Assalamu alaikum. Shugaban taro, ranka ya daɗe. Iyayenmu maza da mata, malamai, ɗalibai, da 'yan'uwanmu zabiya waɗanda dominsu muka taru, barkanmu da war haka. Na baya kuna ji na? Madalla. In lasifikar ta ɗauke kada ku damu, murya dai Allah ya ba ni.

An ce in yi magana a kan maganin da ake shafawa a fata, sannan a haska shi da fitila kafin ya yi aiki. Da na gaya wa mahaifiyata abin da zan zo faɗa, sai ta ce, "Duk karatun nan ashe bokanci ka koyo?" (dariya) To bari mu ga ko zan iya wanke kaina.

Zan fara da wata amarya. Shekarun baya aka kawo mini ita, saura kwana tara ɗaurin aure. Kumatunta da wuyanta duk sun yi bororo kamar an watsa mata ruwan zafi, ga wasu baƙaƙen layuka sun gangaro zuwa ƙirji, har da sawun yatsu huɗu a gefen wuya. Gwaggonta ta riga ta yanke hukunci: jifa ne. Ni kuwa sawun yatsun nan na tsaya kallo, domin cutar da ke fitowa daga cikin jiki ba ta zana yatsu. Na ce, "'Yata, me kika shafa shekaranjiya?" Ta ce ba komai, haɗin gyaran jiki ne kawai. Me ke ciki? Lemun tsami, an markaɗa shi har da ɓawo. Bayan ta shafa fa? Ta zauna a tsakar gida ana yi mata kitso, tun hantsi har azahar.

Da a ce da daddare ta shafa, ta wanke kafin gari ya waye, da wuya wani abu ya same ta. Da kuma ta sha ranar nan ba lemo a jikinta, iyaka ta yi gumi. Lemon shi kaɗai bai ƙona ta ba, ranar ita kaɗai ba ta ƙona ta ba. Haɗuwarsu ce. A cikin lemun tsami, musamman ɓawon, akwai wani sinadari da ake kira soralin, wanda yake kwance shiru sai haske ya taɓa shi. Akwai shi a ruwan ganyen ɓaure ma. An yi bikin dai, da hoda mai kauri, tabon kuma ya ɗauki watanni kafin ya dushe.

Abin da ya sami amaryar nan bisa tsautsayi, shi likita yake yi da gangan, da awo, a wurin da ya zaɓa.

Kuma ba Bature ne ya fara ba. A bakin Kogin Nilu akwai wata ciyawa mai farin fure da masana tsirrai ke kira Ammi majus, Misirawa kuma suna ce mata khilla shaiɗani. Sunan ma ya ishe ku gargaɗi. Tun zamanin da, masu albaras kan sha 'ya'yanta ko su shafa, su zauna a rana, wurin ya yi bororo, in ya warke launi ya ɗan dawo. A Indiya ma haka suke yi da wani tsiro nasu mai suna babci. Ibn al-Baiɗar, masanin tsirran nan ɗan Malaga ta Andalus wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya rubuta yadda ake haɗa garin 'ya'yan irin wannan ciyawa da zuma a ba mai albaras, a sa shi ya zauna a rana. Ku lura, ya san cewa sai da rana. Matsalar dai ita ce babu awo. Wani ya sami launi, wani ya sami ƙuna, wani hantarsa ta taɓu.

Sai a 1947 wasu masana haɗa magunguna biyu a jami'ar Alƙahira, Fahmy da Abu-Shady, suka tace ainihin sinadarin, dangin soralin ɗin nan, daga 'ya'yan ciyawar. Shekara ɗaya bayan nan wani likitan fata, shi ma Bamisire, El Mofty, ya ba da rahoton yadda ya yi wa masu albaras magani da shi. Ɗalibai, ku riƙe wannan: a nahiyarmu aka yi aikin. Daga baya, a 1974, Parrish da Fitzpatrick da abokan aikinsu a Bostan ta Amurka suka haɗa ƙwayar soralin da wata fitila mai ƙarfi mai ba da hasken UVA, wani haske da ido ba ya gani, suka gwada a kan masu cutar soriyasis, wadda ke sa fata ta yi kauri tana ɓarewa fari-fari. Daga nan sunan PUVA ya fito, wato soralin da UVA.

Yadda yake aiki kuwa, tufka da warwara ne. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wata igiya mai sili biyu da aka tufka, ita ce DNA. In ƙwayar za ta rabu biyu ta hayayyafa, dole sai ta warware igiyar. Soralin kan kutsa tsakanin silin biyu ya laɓe. Da haske ya buge shi sai ya cafke wannan sili da wancan, ya ƙulle su, warwara ta gagara. Fatar mai soriyasis tana sabunta kanta cikin 'yan kwanaki maimakon kamar wata guda, to wannan ƙulli shi ke taka mata birki. A albaras kuma yana kwantar da sojojin jiki da suka juya suna kashe ƙwayoyin launi, ya kuma zaburar da ragowar ƙwayoyin launin da suka ɓuya a saiwar gashi. Shi ya sa launin yake dawowa ɗigo-ɗigo a gindin kowane gashi, kamar an yayyafa barkono. Shi ya sa kuma leɓe da kan yatsu suke da taurin kai, domin babu gashi a wurin.

Amma zuma ce, da zaƙi da harbi. Mutum zai sha ƙwayar awa biyu kafin ya shiga akwatin fitila, sau biyu ko uku a mako, wata da watanni. Ga tashin zuciya. Ga baƙin tabarau da zai wuni da shi, domin maganin yana zuwa har ido. Babbar illar kuwa sai da aka daɗe aka gan ta. A Amurka an bi sawun mutum 1,380 da aka fara yi wa PUVA a tsakiyar shekarun 1970, aka ga waɗanda suka sha haskawa sau ɗaruruwa sun fi kamuwa da ciwon dajin fata nesa ba kusa ba. Ai ba mamaki, wanda ya yi ta ƙulla igiyar gado wata rana zai ƙulla ba daidai ba. Yanzu akasari an koma wata fitila da ba ta buƙatar ƙwaya, mai siririn hasken UVB. Zabiya kuma, ku ji da kyau, PUVA ba naku ba ne ko kaɗan. Ku ba ƙwayoyin launi kuka rasa ba, ƙwayoyin suna nan, launin ne ba sa iya haɗawa. Duk wanda ya ce zai ba ku abin sha ko na shafawa ku zauna a rana ku yi baƙi, ku gudu.

Wancan gida ɗaya ke nan. Ga ɗaya gidan, wanda shi ne ya fi shafar taron nan.

A ƙarshen shekarun 1890, a birnin Munik na Jamus, wani ɗalibin likita mai suna Oscar Raab yana aiki ƙarƙashin malaminsa Hermann von Tappeiner. An ba shi aikin gwada wani rini mai suna akiridin a kan wasu ƙananan halittun ruwa da sai da madubin likita ake ganinsu. Ya zuba rinin, suka mutu cikin kamar awa ɗaya da rabi. Ya sake zuba daidai wannan awo wata rana, suka kai kusan awa 15 suna iyo. In da wani ɗalibin ne sai ya goge ɗaya sakamakon ya rubuta wanda malam zai so. Na ga wasu suna sunkuyar da kai a layin gaba. (dariya) Shi kuwa ya tsaya yana tambayar kansa me ya bambanta ranakun biyu. Abin da ya tuna shi ne an yi hadari a ɗaya daga ciki, hasken ɗakin ya canza. Ya koma ya gwada a haske, ya gwada a duhu. Rinin a duhu bai cika ɓarna ba, haske ba rini bai kashe komai ba. An buga aikinsa a 1900.

A 1903 malamin nasa da wani likitan fata, Jesionek, suka shafa wani jan rini, iyosin, a kan ciwon dajin fata suka haska. A shekarar ce kuma aka ba Niels Finsen na Denmak kyautar Nobel saboda warkar da tarin fuka na fata da haske, amma shi haske zalla ya yi aiki da shi, ba magani. Von Tappeiner ya ci gaba da tono har ya gano akwai na uku a cikin maganar: iskar oksijin. In ka cire ta, ko ka zuba rini ka haska har gobe, babu abin da zai faru. Shi ya raɗa wa abin suna fotodainamik, wanda yau likitoci ke taƙaitawa su ce PDT.

Murhu ne mai duwatsu uku. Magani, haske, iska. Ka janye ɗaya tukunya ta kife. Maganin yana karɓar ƙarfin haske, sai ya miƙa wa iskar oksijin da ke kusa da shi. Iskar nan da muke shaƙa lafiya lau sai ta haukace, ta ƙone duk abin da ta taɓa a cikin ƙwayar halittar. Amma haukan nata bai kai ƙiftawar ido ba, ba ta ma iya fita daga ƙwayar da aka tashe ta a ciki. Wannan shi ne kyan abin. Wuta ce da ba ta tsallaka katanga ta ci gidan maƙwabci.

Saura a sami maganin da ya dace. Wani likita Bajamushe, Meyer-Betz, ya ɗura wa kansa miligiram 200 na wani sinadari da ake samu daga jini, dangin forfirin, ya fita rana. Fuskarsa da hannunsa suka kumbura suntum, ya fi wata biyu rana na yi masa illa. An buga labarin a 1913 har da hotuna. Allah ya saka wa masu ƙarfin hali, amma ɗalibaina kada wanda ya gwada. Makiyaya ma sun san irin wannan. A Afirka ta Kudu tumaki kan ci tsidau, wannan dai tsidau mai soke mu a ƙafa, hantarsu ta toshe, wani sinadari daga koren ganye ya taru a jini, sai kunnuwa da fuska su kumbura a rana, musamman inda fatar take fara ba gashi. Wannan ratse ne, mu koma.

A shekarun 1970 Thomas Dougherty a Bafalo ta Amurka ya farfaɗo da aikin, har aka sami Photofrin, wanda Kanada ta fara amincewa da shi a 1993. Allura ce ta jijiya, kuma mutum zai yi wata guda ko fiye yana ɓuyar rana kamar mai takaba. A kan ciwon cikin mafitsara ko maƙogwaro ana iya jurewa. A kan ɗan ƙurji a goshi fa? Wa zai yarda?

Dabarar da ta sauya komai daga Kanada ta fito a 1990, hannun James Kennedy da Roy Pottier. Suka ce maimakon mu zuba wa mutum gubar, mu ba fatar kayan haɗi ta haɗa da kanta. Bari in kawo muku misalin shagon tela a jajibirin salla. Akwai mai yanka, akwai mai ɗinki, akwai mai aikin wuya a ƙarshe, shi kuma a hankali yake aikinsa. In an kawo yadi daidai kima, kowa na gamawa yana miƙa wa na gaba. In kuwa aka jibge yadi dila guda, mai yanka da mai ɗinki za su yi ta zuba, riguna su taru tsibi a gaban mai aikin wuya. Haka jikinmu yake haɗa sinadarin da ke sa jini ya yi ja. Yadin shi ne wani ɗan sinadari mai suna ALA, wanda ke jikin kowa a nan. Aikin wuyan shi ne saka ƙarfe a mataki na ƙarshe. Rigar da ba a yi wa aikin wuya ba, ita ce furotoforfirin, kuma ita ce mai jin haske. To in ka shafa ALA mai yawa a fata, furotoforfirin zai taru. Ya fi taruwa a ƙwayoyin da suka lalace, domin fatar da ke kansu ta riga ta tsattsage maganin ya fi shiga, kuma su ne masu haɗamar aiki. In ka kashe fitilar ɗaki ka haska wurin da shuɗin haske, za ka ga ciwon yana ƙyalli ja kamar garwashi, lafiyayyar fatar gefensa kuwa shiru. Ranar da na fara ganin wannan, a asibitin da na yi kwas a waje, sai da na yi salati a fili, Turawa suka juyo suna kallona.

Cikin kwana biyu jiki ya gama aikin wuyan, maganin ya watse. Ba sauran takabar wata guda. Amurka ta amince da maganin shafawa na ALA mai suna Levulan a 1999, Turai kuma da ɗan'uwansa Metvix a 2001.

A aikace ga yadda ake yi. A kankare ɓawon ciwon a hankali. A shafa man, a rufe da leda da abin da zai tare haske, a jira awa uku. A goge, a sa wa mutum tabarau, a kunna jar fitila kamar minti goma. A Amurka wasu da shuɗiya suke yi, minti 16 da daƙiƙa 40. Daga nan kwana biyu ba rana, ba zama ƙarƙashin fitila mai ƙarfi. Wurin zai yi ja, ya kumbura, ya yi ɓawo, cikin mako ɗaya zuwa biyu sabuwar fata ta fito, galibi ba tabo.

Akwai zafi, kada in ɓoye muku. Na ga ƙato, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa mai sanƙo, yana riƙe gefen gado yana cewa a kashe fitilar. Ana hura masa fanka, ana fesa ruwan sanyi, ana tsayawa a huta. Kamar an yaɓa maka barkono a ƙuna, haka suke kwatantawa.

Me ya sa ja? Wa ya taɓa kifa tocila a tafin hannunsa da dare yana yaro? Wane launi ya ɓullo ta baya? Ja. Jini da baƙin fata suna shanye shuɗi da kore tun a bakin ƙofa, ja ne kaɗai ke ɗan kutsawa. Amma ko jan, aikin da yake yi a wannan magani bai wuce zurfin milimita biyu ba, ko uku in an matsa. Kaurin ƙwayar gero ke nan. Duk abin da zan faɗa daga nan, a kan ƙwayar geron nan yake tsaye.

Mu masu baƙar fata Allah ya yi mana laima, sinadarin melanin. 'Yan'uwanmu zabiya ba su da wannan laima, ga su kuma a ƙasar da rana ba ta hutu. Tun suna samari za ka fara jin wani kaushi a goshi, a kan kunne, a ƙeya, a bayan hannu, a leɓen ƙasa. Sau da yawa hannu ke riga ido ganinsa: ka shafa ka ji kamar harshen kyanwa. Ni kaushin rana nake kiransa. Ba ciwon daji ba ne tukuna, amma daga cikinsa ciwon daji yake tsirowa, kuma ba wanda zai iya nuna maka wanne ne zai rikiɗe. Ba kuma guda ɗaya yake fitowa ba, gona ce guda, wani ya tsiro wani yana ƙasa. A nan PDT ya yi fice, domin fili guda ake shafewa, wanda ake gani da wanda ba a gani, maimakon a bi su ɗaya-ɗaya da wuƙa ko da ruwan ƙanƙarar naitirojin. Ana kuma yin sa a kan wasu nau'o'in ciwon daji da ba su wuce saman fata ba, zama biyu, mako guda tsakani.

In ciwon ya riga ya yi saiwa fa? In ya zama gyambo, ko ƙullutu mai tauri, mai zubar jini? Haske zai ƙone saman, fata ta rufe ta yi kyau, kowa ya yi hamdala, ciwon kuma yana ci a ƙasa kamar gara a azara. Wannan ya fi rashin magani muni. Irinsa sai wuƙa, a yanke a kai ɗakin gwaji. Haka nan baƙin ciwon dajin nan melanoma, wanda a wurinmu ya fi fitowa a tafin ƙafa, PDT ba ya taɓa shi, baƙin ma shanye hasken yake yi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mafi yawan zabiyan da ke zuwa wurina sun wuce ƙwayar gero tuntuni. Sai an gama shafe-shafe da turare, ciwo ya kai girman ƙwai, sannan a zo.

Kuma kada ku ce na zo tallar fitila. A 2019 an buga wani gwaji da aka yi a Holan a kan mutum 624 masu kaushin rana, aka kwatanta magunguna huɗu. Bayan shekara guda, wani tsohon man shafawa mai suna 5-FU ya yi nasara a wurin kusan kashi 75 cikin ɗari, PDT kuwa kusan kashi 38. Man nan ya fi araha, ba ya son fitila, a gida ake shafawa safe da yamma har mako huɗu. Illarsa, fuska za ta yi jawur tana raɗaɗi duk tsawon makonnin, wasu su gaji su daina. PDT zama ɗaya ne ko biyu a gaban likita, fata kuma ta fi fitowa sumul. Amma mansa da tsada, wani ma sai a firiji yake zama, ku kuma kun san halin wutarmu. In aka ba ni kuɗi aka ce in zaɓa wa zabiyan jihar nan, malafa mai faɗi zan fara saya, da riga mai dogon hannu, da man kariya daga rana, da ma'aikacin da zai riƙa shafa goshinsu duk wata shida. Sannan 5-FU da tulun naitirojin. Fitila ta biyo baya.

Sai dai akwai abin da ya sa ban cire rai ba. A 2008 likitoci a Kofanhegan suka ce, tunda haske ake nema, ga rana kyauta. Aka shafa man, cikin rabin awa mutum ya fita waje ya zauna awa biyu da rabi. Da yake maganin yana taruwa kaɗan-kaɗan haske na cinye shi nan take, zafin ya kusa ɓacewa gaba ɗaya. An maimaita a Ostiraliya da Turai, a kan siraran kaushi sakamakon ya yi kusa da na fitila. Dabarar ita ce a fara shafa man kariya irin wanda ke tare hasken UV amma ya bar hasken da ido ke gani ya wuce, ba irin mai farin alli ba, wanda ke tare duka. Ku duba abin dariya: mutanen da ke roƙon rana su ne suka gano haka, mu da take dukanmu muna zaune. Amma ranar Denmak ba ranar Afrilu ta Sakkwato ba ce, kuma ba zan zaunar da zabiya awa biyu a tsakar rana ba don na karanta a takarda. In za a yi a nan, sai da safe, a inuwa mai haske, a asibiti, ana rubuta abin da ya faru. Ga aikin bincike nan, ɗalibai, in kuna neman abin yi.

Shugaba yana nuna mini agogo. A kawo tambayoyi.

(Wata uwa ta tambaya ko wannan ne fitilar da ake sa wa jarirai masu shawara.)

A'a Hajiya, amma tambayar ta yi kyau. Jariri ba a ba shi wani magani. Shuɗin hasken yana sauya siffar sinadarin shawarar ne da kansa, ya zama wanda jiki zai iya fitarwa. Ba a kashe komai. Sai dai don Allah kada a shanya jariri a rana a ce ana maganin shawara, a kai shi asibiti a auna.

(Wani saurayi ya tambaya game da ƙurajen fuska da fitilun da ake tallatawa a Instagram.)

Ƙanena, ƙwayar cutar da ke cikin ƙurajen fuska tana haɗa nata forfirin, don haka shuɗin haske kan ɗan rage su. Ɗan ragewa na ce. Ana yin PDT na sosai a kan masu tsanani, amma ga mai baƙar fata irina da kai yakan bar baƙin tabo da ya fi ƙurjin daɗewa. Akwai magunguna masu sauƙi da za a fara da su. Abin da nake tsoro shi ne wadda za ta kwaɓa maka haɗin da ba ta san me ke ciki ba, ta kifa maka fitila. Ka tuna da amaryata.

(Wani dattijo zabiya ya ce yana da ciwo a kan kunne kusan shekara guda, yana ɓawo yana faɗuwa, wani lokaci da jini. Ya tambaya ko fitilar za ta yi masa.)

Baba, Allah ya ba da lafiya. Ɗan juyo da kunnen wajen taga. Yana da tauri in ka taɓa? To. Ba zan yanke hukunci daga kan mumbari ba, amma ciwon da ya shekara yana jini, ba fitila zan fara nema masa ba. Za a ɗan yanki kaɗan a kai gwaji, allurar kashe zafi ce kawai, ba kwanciya. Kada ka tafi in an tashi. Wa ya rako ka? Ɗanka ne? Yaro, riƙe masa malafarsa, ku jira ni a bakin ƙofar nan ta hagu, zan rubuta muku takarda ku zo ranar Litinin da sassafe, kafin rana ta yi zafi.